Yadda Ake Tsara Haɗin Gwiwar Ceton Mai Haihuwa da Jaririnta a Karkarar Tawa

Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Jaririn da ya faɗo bai yi numfashi ba, minti ɗaya ake da shi a fara hura masa iska. Da waɗannan lokuta biyu ya kamata a auna duk wani taimako da aka kawo ƙauye da sunan lafiyar uwa da jariri. Ana iya gina ɗakin haihuwa, a shafa fenti, a kafa allo mai tambarin masu ba da kuɗi. Amma muddin matar da ta sauka da ƙarfe biyu na dare a wani ƙauyen Buza, cikin jahar Tawa ta Nijar, ba za ta samu maganin tsayar da jini cikin awa biyun nan ba, shirin bai kai ga abin da ke kashe mata ba.

Bayanin nan na majo ne, wato shugaban CSI (ƙaramar likitar da ke kula da garuruwan yanki), da ungozomar likita, da shugabannin gundumar lafiya, da ƴan COGES, wato kwamitin mutanen gari mai kula da tafiyar da likita, da magadan gari, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da za su zauna tebur ɗaya da su. Adadin magungunan da za a ambata na ma'aikacin da aka horar ne, kuma ƙa'idar Ma'aikatar Lafiya ce ke gaba a kowane hali.

Lissafin da ake yi kafin a nemi ko dala

A Nijar, cikin kowane mutum 1000 ana samun haihuwa sama da 40 a shekara. CSI mai kula da mutum 10,000 sai ta sa ran haihuwa wajen 450. Masana sun daɗe da ƙiyasta cewa 15 cikin 100 na masu ciki za su gamu da matsala mai buƙatar taimakon gaggawa, wato mata kusan 70 a wannan yanki, kuma aƙalla 5 cikin 100, sama da mata 20, sai an yi musu tiyata. A buɗe rajistar bara a gwada. Idan haihuwa 130 aka rubuta, aka tura mata shida babban asibiti, to sauran suna gida, kuma cikinsu ne ake samun wadda aka binne ba a rubuta ba da wadda ta tashi da yoyon fitsari. Wannan giɓi shi ne abin da za a kai wa abokin haɗin gwiwa, kafin a kai masa jerin kayan da ake so.

Sai taswira. Kada a rubuta nisan ƙauye da kilomita kawai, a rubuta awa nawa ake yi a amalanke ko a babur, kuma a rubuta sau biyu: na rani da na damina. A kwarin Magiya da na Keita da na Tarka, ƙauyen da ke kusa a watan Maris yana iya yankewa dare guda cur a watan Agusta idan ƙorama ta kawo. A arewa, wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara da Tiliya, matsalar daban ce: nisa, da makiyaya masu tashi, da sha'anin tsaro da ke hana tafiyar dare. Tsarin da ya yi aiki a Madawa ba lalle ya yi a can ba.

Na uku, a ziyarci CSI da dare ba tare da sanarwa ba. Da rana kowace likita tana da kyan gani. Da dare ake sanin ko akwai fitila, ko akwai ruwa a ɗakin haihuwa, wa ke riƙe da makullin kabad ɗin magani, kuma ina yake kwana. A tambaya ko cikin wata uku da suka wuce an yi ayyuka bakwai na ceton gaggawa ga uwa da jariri da ake kira SONUB: allurar kashe ƙwayoyin cuta, allurar matse mahaifa, maganin jijjiga, ciro mabiyiya da hannu, kwashe ragowar ɓari, jawo jariri da kofin tsotsa, da farfaɗo da jariri da jakar iska. Asibitin gunduma yana ƙara biyu, tiyata da ƙarin jini. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne wurare biyar masu waɗannan ayyuka ga kowane mutum 500,000, ɗaya daga ciki mai tiyata da jini. Gara a zaɓi CSI kaɗan a cika musu bakwai ɗin, dare da rana, da a watsa kaya a wurare talatin babu inda ya cika.

Abin da za a rubuta a yarjejeniya

Masu zama su ne gundumar lafiya, da magajin gari, da COGES, da wakilin sarki ko hakimi, da mata aƙalla biyu waɗanda ake jin maganarsu a gari, sannan ƙungiyar. A tabbata ƙungiyar tana da izinin aiki daga hukuma kuma hukumar lafiya ta jaha ta san da ita.

Ƙa'ida ɗaya ta fi sauran nauyi: duk abin da za a karɓa, a rubuta a gefensa wanda zai biya kuɗin tafiyar da shi bayan shirin ya ƙare. Mota tana shan mai, tana cin taya, direba yana cin albashi. Batirin sola yana mutuwa bayan ƴan shekaru, zafin Afrilu da Mayu kuma yana gaggauta mutuwarsa. Na'urar duba ciki tana son man shafawa da mai gyara. Abin da ba a samu mai ɗaukar nauyinsa ba, a bar shi, ko kyauta ne. Ɗakunan ajiya na asibitoci da yawa cike suke da kwalaben ɗumama jarirai da aka kawo inda babu wuta tsayayya.

A hana ƙungiya buɗe nata rajista daban. Ungozomar da ke cika takardu kala uku ga masu ba da kuɗi uku, lokacin duba masu jego ne take ci. Alƙaluma su bi rajistar ƙasa, kowa ya ɗauka daga nan. Magani ma ya bi ta ɗakin maganin gunduma, a daidaita sunansa da ƙarfinsa da na ƙasa.

A kuma yi maganar kyauta a fili. Tun 2005 da 2006 gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa, da awon ciki, da tsarin iyali, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Inda ake samun cikas shi ne jinkirin mayar wa likitoci kuɗinsu. Idan kabad ya ƙare, sai a rubuta wa dangi takardar sayen magani da tsakar dare. Abokin haɗin gwiwa mai hankali zai ajiye kayan gaggawa na wata uku da ba a taɓawa sai an shiga wannan hali, ya kuma taimaka wa majo wajen cika takardun neman biya daidai kuma a kan lokaci.

Zubar jini

A nan ya kamata kuɗin farko su tafi, domin shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa, kuma maganinsa ba shi da tsada.

Rigakafi: kowace mace, cikin minti ɗaya da fitowar jariri, bayan an shafa ciki an tabbata babu na biyu, a yi mata allurar matse mahaifa, oksitosin, ma'auni 10 a cinya. Matsalar oksitosin zafi ne. Wurin ajiyarsa sanyin digiri 2 zuwa 8, amma sau da yawa sai a same shi a kan tebur a ɗakin da ya haura digiri 40. Kamanninsa ba ya canzawa, ƙarfinsa ne ke raguwa, ma'aikaciya ta yi allura biyu ko uku tana mamakin jini bai tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun yarda a ajiye shi a firjin rigakafin yara, cikin akwati mai alama bayyananna domin kada a rikita shi da allurar rigakafi. A rubuta wannan izini a manna a jikin firjin, saboda masu kula da rigakafi da dama suna hanawa. Inda babu firji sam, akwai makamancinsa, karbetosin mai jure zafi, ma'auni 100 na maikurogiram, na rigakafi kaɗai. Akwai kuma misoforostol, shi ma mai matse mahaifa, ƙwaya uku masu maikurogiram 200, a haɗiye.

Misoforostol danshi ne ke kashe shi, saboda haka a sayi wanda aka rufe da takardar alminiyom gaba da baya, kada a ɓare sai lokacin sha. Yana kawo rawar ɗari da zazzaɓi na ɗan lokaci, a gaya wa mace tun da wuri. Babban haɗarinsa shi ne a sha kafin jariri ya fito da nufin saurin naƙuda: mahaifa na iya fashewa. Haka allurar da masu sayar da magani a kasuwa ke yi wa mai naƙuda a gida. Duk shirin da zai raba ƙwayar ga masu ciki na nesa sai ya maimaita wannan gargaɗi ga macen, da uwar mijinta, da ungozomar gari.

Ganowa: ido yana raina jini. Zane da katifa suna shanyewa, a ce kaɗan ne. A shimfiɗa ledar awo mai ma'auni a ƙarƙashin mace da zarar ta haihu. Idan ya kai mililita 500, ko 300 tare da saurin bugun zuciya ko faɗuwar awon jini, an shiga gaggawa. Cikin awa biyu na farko a duba ta kowane minti 15: taurin mahaifa, yawan jini, bugun hannu. Mata da yawa a wannan tsakani suke tafiya, lokacin da kowa ya koma kan jariri ko wanke ɗaki.

Magani: a yi komai tare, kada a gwada ɗaya a zauna jira. A murza mahaifa, a ba da oksitosin, a ɗaura ruwa da babbar allura, a ba da maganin tsayar da jini, taranekzamik, giram 1 ta jijiya a hankali cikin minti 10, a zuƙe fitsari, a duba ko akwai yagewa ko guntun mabiyiya. Taranekzamik cikin awa uku da haihuwa yake amfani, kowane jinkiri yana rage ƙarfinsa, shi ya sa wurinsa CSI ne, ba babban asibiti kaɗai ba. Idan jini bai tsaya ba bayan minti 30 ana ƙara giram 1. Gwajin da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda aka bayyana a 2023, ya nuna ledar awo tare da haɗa magungunan lokaci guda sun rage mummunan sakamako da kashi 60 cikin 100.

Nijar tana da nata tsarin da ma'aikata da yawa suka sani: misoforostol 800 a ƙarƙashin harshe, in bai tsaya ba a sa kororon roba da aka ɗaure a bakin tiyo cikin mahaifa a cika shi da ruwan ƙari har jini ya tsaya, sannan a ɗaura rigar matsi a tafi da ita. Rigar tana matse ƙafafu da mara domin jini ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa. Ana ɗaura ta daga idon sawu zuwa sama, kuma ba a kwance ta a hanya ko a ƙofar asibiti. Sai mace ta daidaita, a kwance daga ƙasa, gaɓa ɗaya bayan ɗaya, da minti 15 a tsakani. Abin da ke kashe tsarin shi ne rigar ta tafi da marar lafiya ba ta dawo ba. Maganinsa musaya: motar da ta zo ɗauka ta zo da wankakkiya ta ajiye.

Duk waɗannan a haɗa su a akwati ɗaya mai murfi a ɗakin haihuwa, ba a ofishin majo ba, da takardar abin da ke ciki, a duba kowace safiya.

Jijjiga

Tana farawa daga hawan jini, shi kuwa ba a gane shi sai da awo. Kowace zuwa awo a auna. Daga 140 bisa 90 bayan wata biyar a gwada fitsari. Daga 160 bisa 110, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki, a fara magani a tura. Yarinya mai cikin fari ita ta fi shiga haɗari, ita ce kuma kunya ke hana ta faɗin abin da take ji. Idan ta faɗi tana jijjiga, a gida akan ce iska ce, a tafi neman hayaƙi da rubutu. Malamai da masu maganin gargajiya suna cikin waɗanda za a zauna da su, a roƙe su su yi addu'arsu a bisa hanyar likita.

Maganin shi ne magneziyom salfet. Kashin farko giram 14: giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu. Idan kwalbar mai ƙarfin 50 cikin 100 ce, giram 4 shi ne mililita 8, a haɗa da mililita 12 na ruwan allura. Wanda bai iya samun jijiya ba ya yi giram 10 na ɗuwawu ya tura, ya rubuta lokacin. Ma'aikata da yawa suna tsoron maganin nan, wani ɓangare na tsoron kuma daga kwalabe ne: wannan mai ba da taimako ya kawo mai ƙarfin 10, wancan mai 15, wani mai 50. A tsaya a kan ƙarfi ɗaya a gunduma duka, a manna lissafinsa a bango. Kafin kowane ƙari na giram 5 bayan awa huɗu, a tabbata numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa tana harbawa, fitsari ya kai mililita 30 a awa. Kalsiyom gulukonet giram 1 ya kasance a akwatin domin karya magneziyom idan ya yi yawa.

Hanya, izini da jini

Motar ɗaukar marasa lafiya ita ce kyautar da aka fi so, ita ce kuma ta fi saurin tsayawa. A yi lissafinta tun farko. CSI mai nisan kilomita 60 daga asibitin gunduma, zuwa da dawowa 120 ke nan, wajen lita 20 a hanyar burji ko rairayi. Tafiya 40 a shekara lita 800 ce, ban da taya da juyen mai da gyara. Gundumomi da dama a ƙasar nan sun gwada ƙara dala ashirin a kan kowane mai zuwa ganin likita, a tara domin wannan aiki, kuma tsarin yana tafiya idan an kiyaye abu uku. Asusun ya zama na gunduma gaba ɗaya, domin kada CSI mai nisa ta ɗauki nauyi ita kaɗai. Fitar kuɗi sai da sa hannun mutum biyu ko uku, ɗaya daga COGES. A manna lissafin shiga da fita a ƙofar likita kowane wata. Magajin gari ya sa nasa kason a kasafin shekara, a rubuce. Ranar da aka fara cewa dangi su kawo kuɗin mai kafin mota ta tashi, asusun ya mutu ko da akwai kuɗi a ciki.

Daga ƙauye zuwa CSI kuwa, kowane gari ya sa sunan mai amalanke ko mai mota biyu da suka yarda a tashe su da dare, a yanke kuɗin tun da rana tsaka, lambobinsu suna hannun mai gari da ungozoma. Kafin mota ta tashi daga CSI a kira asibiti, domin mai tiyata da mai sa barci da mai awon jini su riga ta isa. Kuɗin kiran ma a sa shi a lissafi.

Akwai abin da ya shafi Adar musamman. Da an gama girbi maza da yawa suna tafiya biɗa, Abijan ko Legas ko Libiya ko Aljeriya, wasu sai shekara ta zagayo. Naƙuda ta zo da gardama, a rasa mai cewa a tafi, ana ta neman layin waya. Ba a fafe gora ranar tafiya: a wata na bakwai, ko kafin maigida ya tashi, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da wani dattijo cewa ya ba da izinin a kai iyalinsa likita kuma a yi tiyata in ta kama, ya ambaci wanda zai tsaya a madadinsa, ya ware kuɗin hanya. Idan ya riga ya tafi, saƙon murya ta WhatsApp ya isa, a ajiye shi. A rubuta sunan wakilin a katin awo. Makarantar mazaje, zaman da magidanta ke yi kan lafiyar iyalinsu, wadda aka fara a jahar Damagaram da tallafin UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, hanya ce mai kyau ta isar da wannan magana, amma a garin da rabin mazan ba sa nan, iyayen miji mata ne ya kamata a fi zama da su.

Ga wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai tagwaye, da wadda jariri ya kwanta mata a gicciye, da ƙaramar yarinya mai cikin fari, da wadda ƙorama ke raba garinsu da hanya, a tanadi masauki kusa da asibitin da ke tiyata, ta tare tun farkon watan haihuwa. Masaukin da babu hatsi da ruwa da wurin ƴar rakiya ba ya samun baƙi, balle a lokacin noma.

Jini ba a sayensa a kanti. Asibitin gunduma ya riƙe sunayen masu bayarwa na kusa, da rukunin jininsu da lambobinsu: ɗalibai manya, ƴan kabu-kabu, ƙungiyoyin matasa na masallatai. Abin da za a roƙi abokin haɗin gwiwa shi ne firjin jini mai sola, da jakunkuna, da kayan gwajin ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, waɗanda yankewarsu kan hana ƙarin jini ko ga mai bayarwa a tsaye.

Jariri

A tanadi zane biyu busassu da hula. Da ya fito a goge shi sosai da na farko, a yar da zanen, a kwantar da jaririn a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe da na biyu. Jiƙaƙƙen jariri yana yin sanyi ko a bazara, balle a ɗarin Disamba da Janairu. A jinkirta ɗaure cibiya minti ɗaya zuwa uku, wanka kuma sai bayan awa 24.

Idan bai yi numfashi ba bayan gogewa da shafa baya, a yanke cibiya a fara hura iska da jaka kafin minti ɗaya ya cika, wajen sau 40 a minti, ido a kan ƙirji. Ƙirji bai ɗaga ba, a gyara kwanciyar kai, a gyara zaman marfin jakar a fuska, a share majina in akwai, a buɗe baki kaɗan, a ƙara matsi. Ba a riƙe shi ta ƙafa a zazzage, ba a watsa masa ruwan sanyi. Marfi biyu ake buƙata, lamba 1 da lamba 0 na bakwaini, kuma a gwada jakar a tafin hannu kafin kowace haihuwa, domin zafi yana busar da robar. Jarirai da yawa da ake rubutawa an haife su ba rai, da ransu suka fito, iska ce ba su samu ba. Saboda haka rajista ta bambanta wanda ya fito da sabuwar fata da wanda ya daɗe da mutuwa a ciki.

Nono cikin awa ta farko, da dakashinsa, ba a matse shi a zubar. A cibiya a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, kulorheksidin, a bar toka da man shanu da man goge baki da gashi da tsumma. A sayi mai kauri kamar man shafawa, domin na ruwa da ke zuwa a ƙaramar kwalba an sha ɗiga shi a ido bisa kuskure, yana kuma makantarwa.

Jaririn da bai kai giram 2500 ba, ko bakwaini, a goya shi a ƙirji tsirara sai hula da ƙyalle, awa takwas zuwa ashirin da huɗu a yini, uwa da kaka da goggo suna karɓeɓeniya. Wanda bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi kowace awa biyu. Abin da ake buƙata a nan sikeli ne mai nuna giram goma-goma, da ɗaki mai labule, da abincin uwa.

Makon farko, kafin suna, shi ne mafi haɗari, kuma lokacin ne mai jego ba ta fita. A so ta kwana ɗaya a likita bayan haihuwa, sannan wakilin lafiya na gari ya je gida rana ta uku da ta bakwai. Abin da zai duba: ƙin shan nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti, faɗawar ƙirji, zafin jiki ko sanyinsa, rashin motsi, rawaya a tafin hannu da ƙafa. Ko ɗaya ya gani, a tafi a ranar. Ya duba uwar ma: zazzaɓi, jini mai wari, ciwon kai, kumburi da haki. Mai hawan jini ko kumburi a hana ta kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi, domin suna ƙara wa zuciya nauyi. A zauna da wanzamai kan cire beli.

Awo, da ungozomar gari

Awon ciki yana da amfani gwargwadon abin da aka yi a cikinsa. Ƙwayar ƙarin jini kullum. Fansida, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku daga wata na huɗu, wata-wata, a sha a gaban ma'aikaci, aƙalla sau uku, wanda ke nufin a ajiye randa da kofi a ɗakin awo. Gidan sauro, allurar tetanus, awon jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a gana sau takwas. Ga makiyaya, a kai awon rijiya da kasuwa, tare da masu rigakafin dabbobi in ya samu, da mai jin Tamashek ko Fulatanci.

Ungozomar gari kada a mai da ita abokiyar gaba. Idan aka ce ta daina karɓar haihuwa, an taɓa mutuncinta da sabulu da hatsin da take samu. A bar mata wankan jariri da binne mabiyiya da alherin ranar suna, a ƙara mata matsayin mai rakiya, a bar ta ta shiga ɗakin haihuwa. Abin da za a nema a wurinta: naƙudar da ta wuce awa 12 a tafi, ba yankan gishiri, ba danna ciki. Mata kuma suna gudun likita saboda tsawa, da rashin labule, da tilasta kwanciya rigingine ga wadda ta saba durƙuso. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Ita ma ungozomar likita, in ana so ta zauna a ƙauye, sai an ba ta ɗaki mai ƙofa da ruwa da fitila a harabar CSI, da wadda za ta karɓe ta ta huta.

Horo, bita, da miƙa aiki

Horon kwana biyar a otal a Tawa ko Yamai yana kwashe ma'aikata daga bakin aiki, kuma sau da yawa wanda aka tura ba shi ke karɓar haihuwa da dare ba. Hannu yana mantuwa cikin ƴan watanni. A sayi ƴar tsanar gwaji ta uwa da ta jariri a ajiye a CSI, a riƙa gwaji na minti 15 kowane mako, kowa da kowa har mai shara da mai gadi, domin su ne ke miƙo akwati da riƙe fitila. Ƙwararriyar ungozoma daga gunduma ta riƙa zuwa tana kwana biyu tana aiki tare da su. Tun da ana yawan canza wa ma'aikata wurin aiki, a sa a yarjejeniya cewa duk sabon zuwa za a horar da shi cikin watansa na farko.

Duk macen da ta rasu a sanar cikin awa 24 in a likita ne, 48 in a gida ne, a zauna bita ba tare da kiran suna ko ɗora laifi ba. Da zarar an hukunta ma'aikaci a kan bita, za a fara ɓoye mutuwa, ko a riƙa tura mace tana gargara domin kada ta cika a hannu. Kowace bita ta fito da aiki ɗaya ko biyu, da mai yi, da ranar gamawa, a fara zama na gaba da karanta su. Alƙaluman da za a bi kaɗan ne: kwana nawa akwatin jini ya yi da giɓi, minti nawa daga kira zuwa isowar mota, awa nawa daga isa asibiti zuwa tiyata, jarirai nawa aka hura wa iska kuma nawa suka tashi.

Miƙa aiki daga shekarar farko ake fara shi. A shirin shekara uku, ƙungiya ta ɗauki kuɗin mai da magani duka a ta farko, ta rage zuwa rabi a ta biyu, asusun gunduma da magajin gari su cike, a ta uku ta tsaya a kan sa ido da gyaran manyan kaya. Wata shida na ƙarshe a tafiyar da komai ba da kuɗinta ba tun tana nan, domin a ga inda zai yage a ɗinke. Kafin ta tafi ta bar takardun mota da sunan gunduma, da lambar mai gyaran sola na cikin jaha wanda aka riga aka gwada aikinsa, da batir da marafan jakar iska na canji, da rubutaccen lissafin abin da kowane aiki ke ci a wata, kofi ɗaya a hannun majo, ɗaya a hannun COGES, ɗaya a ofishin magajin gari.